Kofin Da Aka Fasa A Rawayya

Tun kafin ta ga fuskar, Dakta Juwairiyya ta gane muryar. Muryar da ta taɓa tsinka ka a bainar jama'a, ko a tsakiyar kasuwa ka ji ta ba za ta ɓace maka ba.

"Na hwaɗa muku kada wanda ya taɓa ni da allura! Shawara ag gare ni, kuma kowa ya san mai shawara in anka yi mai allura sai gawa."

Safiyar Litinin ce, ɗakin mata masu ciwon ciki da hanta a asibitin da take aiki a Gusau ya cika maƙil. Juwairiyya ta ajiye fayil ɗin da ke hannunta ta juya a hankali.

A gado na bakwai ga Hajiya Lantana ta Rawayya kwance, ta dafe ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, idanunta sun koma kalar ɗorawa. Ƙanwarta Inna Asiya na yi mata fifita. Hafsatu, 'yar Inna Asiya, na rungume da kwandon abinci. A ƙafar gadon kuwa Mas'udu ne tsaye, ɗan Hajiya, mutumin da saura wata ɗaya ya zama mijin Juwairiyya shekara biyu da suka wuce.

Gabanta ya faɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da ya biyo bayan faɗuwar gaban daɗi ne, wani sanyi da ya ratsa ta har tafin ƙafa. A ranta ta ce, ashe dai rana ba ta ƙarya.

Gwajin jinin da ake yi kafin aure ne ya raba su. Nata ya nuna tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Da bakinta ta gaya wa Mas'udu, ta yi masa bayani dalla-dalla cewa ƙwayar a kwance take, hantarta lafiya lau, ba a ɗauka ta abinci ko ta kofi, kuma allurar rigakafi uku ta ishe shi kariya. Shi kuwa, da yake bawan Allah ne da ba ya ɓoye wa uwarsa ko tari, ya kwashe duka ya kai mata.

Ranar da Juwairiyya ta je Rawayya barkar haihuwar da ƙanwarsa ta yi, gida cike da mata, Hajiya Lantana da kanta ta kawo mata ruwa a kofin tangaran mai zanen fure. Sai da ta bari ta shanye. Sannan ta sa gefen zani ta ɗauki kofin, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta rotsa shi a kan dutsen niƙa.

"Ku gani da kyau," in ji ta. "Kofin mai ciwon hanta ne. Ba a kawo mini cuta gida ina da rai."

Mas'udu na bakin zaure, ya ji komai, bai ce uffan ba.

Juwairiyya ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta duƙa ta tsinci mariƙin kofin, ta jefa a jaka, ta fita. Kafin ta isa gida Tsafe labari ya riga ta. Maƙwabtan da suka saba karɓar tuwon mahaifiyarta suka fara mayar da kwano a rufe. Tun daga ranar mariƙin nan bai bar aljihun farar rigarta ba, kuma ta yi wa kanta alkawari sai Hajiya Lantana ta ɗanɗani abin da ta ɗanɗana.

Ta ƙarasa gaban gadon ta yi sallama.

Hajiya ta buɗe ido, ta ƙara buɗewa. Sai ta yunƙura za ta tashi, ciwo ya mayar da ita.

"Wagga? Mas'udu, hannun wagga kak kawo ni? Kashe ni kaz zo yi?"

"Ina kwana, Hajiya," in ji Juwairiyya, murya a sanyaye kamar ba ta ji ba. "Ya jiki? Inna, a ɗan ɗaga mini rigarta."

A kan cikin akwai sabuwar tsaga layi tara, an cusa mata baƙin magani. Juwairiyya ta danna gefen dama, Hajiya ta ƙwalla salati.

"Tun yaushe idon ya canza?"

"Sati ukku," in ji Inna Asiya, tana kallon bango. "Jiƙon rawaya munka dinga ba ta safe da marece. Wanzami ma ya zo. Da zazzaɓi ya ƙi sauka ne yaron ga ya matsa."

"Fitsarinta fa?"

"Kamar shayi. Ga ƙaiƙayi, ga amai."

Juwairiyya ta rubuta a ɗauki jini, a kuma yi hoton ciki nan take. Kafin azahar sakamako ya dawo. Ta tsaya a kansu ta yi bayani da Hausar da ko jariri zai gane. Dutse ne ya fito daga maɗaciya ya toshe hanyar da ruwan ɗaci ke bi ya sauka hanji. Ruwan ya rasa mafita ya koma cikin jini, shi ya rina ido. Wurin da ya toshe ya kama ƙwayoyin cuta, shi ne zazzaɓin da rawar sanyi. Har wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta fara kumbura.

"Jiƙo ba ya narkar da dutse, aska ba ta kai wurinsa," in ji ta. "Yau za a sa mata ruwa da allura ta jijiya, a hana ta abinci. In zazzaɓi ya sauka, likitocin tiyata su cire. In ba a fara maganin ba kuwa, ba na jin za ta ga Juma'a."

"Kun ji ko?" Hajiya ta fashe da kuka. "Ta san shawara ba ta son allura, shi ya sa. Ramuwa za ta yi! Ku maishe ni gida in mutu ɗakina."

Inna Asiya ta fara naɗe tabarma. "Ga Manu mai shanu, allura guda anka yi mai a Bungudu, bai kwana ba. Mu ba yara ba ne."

Juwairiyya ta san irin su Manu mai shanu. Sai an gama jiƙe-jiƙe hanta ta mutu sannan a kawo su, in rai ya yi halinsa a ɗora wa allura. Da wasu ne da ta zauna ta lallashe su, ta saba. Amma waɗannan ba ta da lallashin da za ta ɓata a kansu. Ta zaro takarda ta miƙa wa Mas'udu da biro.

"Takardar ƙin magani ce. Sa hannu nan, ku ɗauki abarku."

Mas'udu ya dubi takardar, ya dubi uwarsa.

"Karɓi ka sa hannu mana," in ji Inna Asiya.

"Ba ni sawa." Ya fuskanci uwarsa. "Inna, ki yi mini gafara. Ko za ki tsine mini, sai dai ki tsine mini da ranki. Likita, a yi mata."

Juwairiyya ta janye takardarta ta ninke. "Ikon Allah," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Ashe kana da baki."

Da hannunta ta nemo jijiyar. Hajiya ta runtse ido tana kalmar shahada, tana jiran Mala'ika. Mala'ika bai zo ba, sai barci.

A baranda Mas'udu ya tare ta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Juwairiyya, don Allah minti biyu."

"Dakta," ta gyara masa.

Ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan kati da ya sha ninki ya miƙa mata. Katin rigakafin ciwon hanta ne, da sunansa, da hatimi uku. Ta dubi kwanakin. Ta farko sati ɗaya bayan an fasa kofi, ta ƙarshe bayan wata shida.

"Bayan an watse na yi su," in ji shi, hawaye na bin kuncinsa. "Ban fasa ko guda ba. Sau biyu ana sa mini rana da Hafsatu ina ɗagawa. Wallahi ban taɓa kwana ban tuna ki ba. Buhu nike aunawa a kasuwa in manta mudu nawa na zuba."

Zuciyarta ta karye, ta kuma ji haushin karyewar. Har yanzu tana son mutumin nan, abin da ya fi komai ƙona mata rai ke nan.

"Allura uku ka iya jurewa, Mas'udu, kalma ɗaya ce ta gagare ka. Kana bakin zaure. Na gan ka, ka gan ni. Da ka ce, Inna ki bari, da ko ba a yi auren ba na yafe. Ka san mahaifiyata ta daina aika wa maƙwabta abinci? Ka san yaran unguwa har suna suka sa mini?"

"Uwata ce, Juwairiyya. Mi zan ce?"

"Abin da ka ce yau."

Ta mayar masa da katin ta wuce, sai da ta shiga ofis ta rufe ƙofa sannan ta bar hawayen suka zubo. Tana cikin sharewa wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Malam Adamu, daga Tsafe.

"Juwairiyya, mutanen Zaharaddeen sun sake aiko. Yaron ga malamin makaranta ne, ɗan mutunci, ya san larurarki yac ce ya ji ya gani. Juma'a za su taso daga Bilbis. Ba ni yi miki tilas, amma ina son amsarki kahin ranar. Shekara biyu kina jiran wanda bai iya buɗe baki ba, ya isa hakanan."

"To, Baba. Zan kira ka ranar Alhamis."

Zuwa Laraba zazzaɓi ya sauka, aman ya tsaya, an yarda Hajiya ta fara kurɓar ruwa. Matar da aka ce allura za ta kashe har ta samu ƙarfin yi wa ma'aikatan jinya faɗa. Likitocin tiyata suka sa ranar Asabar, suka nemi a yi sauran gwaje-gwajen jini da ake yi wa duk wanda za a yi wa aiki.

Juwairiyya ce ta buɗe takardar sakamakon. Ta karanta layi na huɗu sau uku. Sannan ta zauna, ta sa hannu a aljihu ta damƙe mariƙin kofi.

Hajiya Lantana na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Irin tata sak. Allah kaɗai ya san shekara nawa tana yawo da ita, wataƙila tun wata askar wanzami da aka yi wa mutum goma aiki da ita ba a wanke ba. Ba ƙwayar ce ta kwantar da ita ba, hantar ma da sauranta. Amma tana nan.

Dariya ta kuɓuce wa Juwairiyya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

Ta san ƙa'idar aikinta sarai. Irin wannan magana tsakanin likita da majiyyaci take, ba mai ji sai wanda majiyyaci ya yarda. Don haka ta sallami kowa daga gefen gadon, ta ja labule ta zagaye shi, ta jawo kujera.

"Hajiya, akwai maganar da zan gaya miki, ke kaɗai."

Ta buɗe baki ke nan idonta ya sauka ƙasa. A ƙarƙashin labulen ga ƙafafu biyu cikin jan silifas mai ɗinkin zare a hanci. Silifas ɗin Inna Asiya ne. Matar da ranar nan ta fi kowa guɗa da aka fasa kofi.

Abu ne mai sauƙi. Ta ɗaga labule ta ce, Inna a ba mu wuri. Ko ta sunkuya ta raɗa a kunne. Ta san haka, kuma ta san ta sani. Amma ƙarar tangaran a kan dutsen niƙa ta dawo mata sabuwa fil, da fuskar mahaifiyarta tana karɓar kwanon da aka mayar.

Ta gyara murya, ba ta rage ta ba ko kaɗan.

"Gwajin jininki ya nuna kina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, Hajiya. Irin wadda ke jikina."

Jan silifas ya ja da baya, ya ɓace.

Hajiya ta kamo hannun Juwairiyya, hannun da ta taɓa ƙyamar kofinsa.

"Ɗiyata, ki ruhwa mini asiri. Don girman Allah kada kowa ya ji. Kin san mutanenmu."

"Na san su," in ji Juwairiyya. "Ke kika gabatar mini da su."

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta yi mata sauran bayanin yadda ya kamata, cewa za a riƙa duba hantar lokaci-lokaci, in da buƙatar magani akwai shi, kuma ya kyautu mutanen gida su yi gwaji. Ta fito tana jin kanta sakayau. A ranar har tuwo ta ƙara.

Washegari Alhamis da hantsi ta shigo zagayen marasa lafiya. Tun daga ƙofa ta ga gado na bakwai ya zama tsibiri. Tabarmar da ke gefensa an janye ta can bakin taga. Matan Rawayya huɗu da suka zo dubiya suna tsaye nesa, kowace ta ja mayafi ta rufe hanci. A kan durowa ga kofin roba an ɗaura masa jan ƙyalle a mariƙi, don kada wani ya yi kuskure.

"Asiya, ruwa," in ji Hajiya da busasshen leɓe. "Tun asuba nike roƙo."

"Hafsatu, miƙa mata," in ji Inna Asiya.

"Ni dai Inna tsoro nike ji."

A ƙarshe Hafsatu ta naɗe hannu da gefen hijabi, ta tura kofin da ɗan yatsa, ta koma da sauri tana goge hannu. Hajiya ta ɗaga da kyar, ta kurɓa, rabi ya zube mata a wuya. Ba wanda ya matso.

"Mu dai maganar auren ga sai mun sake tunani," Inna Asiya ke gaya wa matan, ba ta ko rage murya ba. "Abin ga ashe cikin gidan yake. Ba ni kai ɗiyata."

Mas'udu na tsaye ya rasa inda zai sa kansa.

Ga abin da Juwairiyya ta shekara biyu tana roƙo, an kawo mata har inda take, ba ragi. Ta tsaya tana jiran daɗin jiya ya dawo. Bai dawo ba. Tsohuwa kawai take gani da jiƙaƙƙen wuya, da idon da ta san irinsa, don ta taɓa ganinsa a madubi. Haushin matan nan ya turnuƙe ta, haushin kanta ya fi.

Ta taka har gaban durowar, ta ɗauki kofin mai jan ƙyalle. Ta juyo ta fuskanci matan, ta kafa kai ta shanye sauran ruwan tas.

"Innalillahi!" in ji wata.

"Ai ita dama tana da shi," in ji Inna Asiya.

Kafin Juwairiyya ta amsa, Mas'udu ya karɓi kofin daga hannunta. Ya tsiyaya ruwa, ya ba uwarsa ta kurɓa, ya shanye ragowar, ya kwance jan ƙyallen ya yar.

"Ni ba ni da shi, Inna Asiya, an gwada ni. Ba a ɗauka ta kofi. Tun shekara biyu anka hwaɗa mini, tsoro ya hana ni maimaitawa."

Juwairiyya ta sa hannu a aljihu ta ciro mariƙin tangaran mai guntun zanen fure, ta ajiye a kan zanin Hajiya.

"Ajiyarki ce, Hajiya. Na gaji da ɗauka."

Hajiya ta juya shi a tafin hannu. Da ta gane shi sai ta rushe da kuka mai cin rai.

"Na zalunce ki, ɗiyar mutane. Na tozarta ki, ke kuma kin ceci raina, kin ruhe sirrina, wasu ne sunka tona. Mas'udu, in Allah ya tashe ni daga aikin ga, ka kai ni Tsafe. Da ƙahwata zan shiga gidan Malam Adamu in durƙusa, in roƙa maka ita."

Kalmar "kin ruhe sirrina" ta soki Juwairiyya a ƙahon zuciya. Ta fita da sauri.

Mas'udu ya biyo ta baranda, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Aljanna.

"Kin ji da kunnenki, Juwairiyya! Shi ke nan, Allah ya yanke muna wahala." Ya yi dariya yana share ido. "Kin san mi Inna Asiya ke cewa don ta wanke kanta? Wai ba laɓe tay yi ba. Wai kin ga ƙahwarta ƙarƙashin labule, kin dube ta, sannan kika ɗaga murya. Na ce mata ƙarya takai, Juwairiyyata ba ta haka."

Ta kawar da kai gefe.

"Ai ƙarya takai, ko?" ya sake tambaya.

Kalma ɗaya ce tsakaninta da duk abin da ta shekara biyu tana kuka a kansa. Ba mai shaida sai Asiya, Asiya kuwa ba mai yarda da ita yau. Amma ita ce ta tsaya a wurin nan ranar Litinin ta yi masa gorin kalma ɗaya.

"Ba ƙarya take ba," in ji ta. "Na ga ƙafarta. Na so ta ji."

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya daɗe yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Uwata na kwance hannunki, ba ta iya ko tashi," ya ce a hankali. "Amana ce."

"Na sani."

Ya ciro katin rigakafin nan mai hatimi uku, ya dube shi, ya ajiye a kan dakalin baranda tsakaninsu. Bai yaga ba, bai kuma mayar aljihu ba. Ya juya ya koma wurin uwarsa.

Juwairiyya ta sa hannu a aljihu don ta damƙi mariƙin kofi, kamar yadda ta saba duk lokacin da duniya ta yi mata zafi. Aljihun wayam. Sai wayarta da ta fara ruri, sunan Baba na haskawa a kai.